Buhun gero a bakin jirgi

Ranar farko da na taka jirgin ruwan tseren nan aikin da aka ba ni shine in zauna. Ba wasa nake ba wallahi. Kyaftin ɗin ya kalle ni sama da ƙasa kamar mai tayin rago, ya tambaye ni kilo nawa ne ni, nace tamanin da biyar, yace madalla, zauna can bakin jirgi ka zuro ƙafafunka waje, in ka ji an yi ihu ka rarrafa ka koma ɗaya gefen, kuma ka sunkuyar da kanka. Shikenan. Ni da na baro Kano na zo Southampton karo karatu, ina ji da kaina, ashe abinda ake buƙata a wajena nauyina ne kawai, da buhun gero aka samu mai ƙafa da zai iya tsallakawa da kansa da ba a neme ni ba.

Yadda aka yi na faɗa harkar ma abun dariya ne. Wani abokin karatuna ne ya ce jirginsu ba su cika ba ranar Lahadi, ko zan zo? Ni kuma ruwan da na sani a duniya bai wuce na Tiga ba, shima daga bakin gaɓa, sai kwale-kwale sau ɗaya ina yaro wanda har muka sauka ban saki rigar yayana ba. Amma ka san halinmu, ba a so a ce ka ji tsoro. Nace zan zo. Da na gaya wa Umma a waya shiru ta yi tukuna sannan tace "kai ɗan nan, karatu aka tura ka ko su? Ruwa ba sa'an kwando ba ne fa." Nace Umma akwai rigar da ke hana nutsewa, tace Allah ya shirya, ta kashe wayarta.

Jirgin yana kogin Hamble, daga nan ake fita zuwa Solent, wato ruwan da ya raba tsibirin Wight da sauran Ingila. Tsawonsa ƙafa 35, mu takwas ne a ciki wataran tara. Inji yana da shi amma na fita da shiga ne kawai, da zarar an kusa fara tsere kashe shi ake yi, ka kunna an cire ka. Abinda ke tafiyar da shi iska ce da ƙyallaye, ƙaton ƙyalle ɗaya a bayan doguwar sandar tsakiya, wani a gabanta da suke kira jib, sai na ukun wanda zan zo kansa don shi ya kunyata ni.

Abu na farko da ya ɗaure min kai, ta yaya jirgin da iska ke turawa zai nufi wajen da iskar ke fitowa? Ashe ba ya iya shiga cikinta kai tsaye, sai dai ya karkace kamar digiri 45, ya yi tafiya, ya juya ɗaya ɓangaren ya sake yi, kamar dai jaki da kaya in zai hau tudu, ya yi nan ya yi can har ya kai sama. Kowane juyi sunansa tak. Kuma duk lokacin da ake wannan tafiyar jirgin a kwance yake ta gefe ɗaya, ruwa na lasar bakinsa na ƙasa, kai kana sama kana kallon ruwan a ƙarƙashin takalminka. Ranar farko kalmar shahada na dinga yi a zuci don na gama sakankancewa kifewa za mu yi. Sai daga baya aka nuna min wani jirgi da aka ciro kan tudu ana gyara, na ga ƙaton fiffiken ƙarfe da ke ƙarƙashinsa, kil suke ce masa, nauyinsa ya fi na mota, shi ke mayar da jirgin tsaye duk yadda iska ta kwantar da shi. To mu da ke zaune a baki taimaka masa muke yi, in jirgin ya ɗan miƙe ya fi gudu. Gudun ma nawa ne? Not shida zuwa bakwai, not ɗaya kuwa kilomita 1.852 ne a awa, ka lissafa ka gani, ɗan adaidaita sahu zai wuce mu yana mana dariya. Amma in kana ciki ruwa na watso maka a fuska sai ka rantse jirgin sama ne.

Sanyi kuwa ba a magana. Watan Afrilu na fara, na je da wandon jins da rigar sanyin da nake zuwa aji da ita, kafin awa ɗaya na jiƙe sharkaf, haƙorana na haɗuwa, sanyin hunturun da muke kuka da shi a gida ashe gaisuwa yake mana. Ga tashin zuciya. Wata mata a cikinmu ta ce in daina kallon ƙasa in kafa ido can inda ruwa ya haɗu da sama, ya ɗan taimaka, amma abinda ya yi min magani sosai citta ce, tun daga nan ban sake fita ba sai da ɗanyar citta da dabino a aljihu. Yanzu rabin jirgin sun koyi roƙon dabino na.

Sai maganar igiyoyi. Ni dai na san igiya igiya ce, ta guga, ta shanya, ta ɗaure akuya. A jirgi kowace da sunanta kuma babu mai ce mata igiya. Wadda ke ɗaga ƙyalle sama haliyad, su ma sun kai huɗu, wadda ke jan ƙyallen gefe sunanta daban, wadda ke riƙe sandar gaba sunanta gai, akwai wata ma wai ita kika, duk sanda aka kira ta sai in ji kamar ana tambayar wata mace me kika yi. Ita kikan aikinta ta danne bum ƙasa, bum kuma shine ƙarfen da ke kwance a ƙasan babban ƙyalle, wanda ke sharo jirgin daga gefe zuwa gefe in an juya, shi yasa aka ce in sunkuyar da kai, in ya same ka a ƙeya sai dai wani ba kai ba. Dukkansu suna taruwa ne a bakin ƙofar shiga ciki, a jere, kowace ƙarƙashin ɗan marfinta da ke damƙe ta, an rubuta sunayen da turanci amma rana da gishiri sun cinye rabin rubutun.

Ƙulli ma karatu ne. Wanda suka fi ji da shi bolin, wanda ke yin zobe baya zugewa kuma baya cijewa, komai nauyin da ya ja za ka iya kwance shi da yatsa. Da labarin zomo suke koya wa yaransu, ya fito daga rami ya zagaya bishiya ya koma rami, ni kuma na mayar da shi gafiya don ita na fi sani da rami. Sati biyu ina ɗaure ƙafar kujerar ɗakina da igiyar da na aro, ina kallon waya ina ɗaurewa, har na iya shi ido a rufe. Ranar da aka ce in ɗaura a jirgi yana tangaɗi hannuna ya ƙage don sanyi, gafiyar nan ta ƙi komawa raminta.

Amma duk wannan ba shine ya fi ba ni wuya ba. Abinda ya kusa kore ni tsawa ce.

Akwai wata yarinya mai kula da gaban jirgi, shekararta sha tara, ko ƙanwata ta uku ta girme ta. A kan tudu ga fara'a ga ladabi, amma da an buga alamar minti biyar sai ta koma wata halitta. Don haka ake fara tseren, ba a tsaye ake jira ba kamar masu gudu, jiragen duk suna yawo ne a bayan wani layi da ba ka ganinsa, tsakanin jirgin alƙalai da wata tanƙwalalliyar alama a ruwa, a busa na minti biyar, a busa na huɗu, a busa na ɗaya, kowa na son ya iso layin da cikakken gudu daidai sakan ɗin ƙarshe, in ka riga ka tsallaka sai ka dawo ka sake. Ka ga jirage talatin kowanne kuɗinsa ya sayi gida suna gogayya taku biyu tsakaninsu, babu birki, kowa na ihu. Dokar da na fara haddacewa ita ce wanda iska ke bugowa ta damansa shi ke da hanya, wanda take bugowa ta hagunsa shi zai kauce, shi yasa za ka ji masu hanya na kwarma "Sitabod! Sitabod!", wato ɓangaren dama, kamar 'yan kamasho a tasha. To a cikin wannan hargitsin ne yarinyar nan ta juyo ta daka min tsawa da sunana tsirara, wai in ɗaga ƙafata daga kan igiyarta, ba don Allah ba komai, har da ƙarin wata kalma da ba zan rubuta ba.

Raina ya ɓaci matuƙa. Har muka gama ban ce uffan ba, a zuciyata na gama yanke cewa na yi na ƙarshe, ni ba a haife ni don ƙaramar yarinya ta ci min mutunci gaban mutane ba. Muna dawowa aka ɗaure jirgi sai ga ta da kofin shayi ta miƙo min tana dariya tana cewa yau ka yi ƙoƙari fa, ka fi wancan satin saurin tsallakawa. Ko alamar ta tuna babu. Na tsaya riƙe da kofi kamar wawa. Abokin nawa ne ya gane, a mota yace min kai ba da kai take ba, da ƙafarka take, igiyar da ka taka da ta zarge ka lokacin da ƙyallen ya cika da yanzu muna asibiti. Na yi shiru ina tunani, mu da sai mun yi ina kwana ina gajiya ya iyali ya aiki kafin mu tambayi hanyar kasuwa, an kawo mu inda sakan biyu ke raba lafiya da karaya. Ban ce na daina jin zafin tsawa ba, har gobe ina ji, jinin Bakano ne, amma na koyi in bar ta a ruwa kamar yadda suke barinta.

Wani abun kuma kyaftin ɗin, dattijo ne ya haura sittin da biyar, furfura fat, kowa sunansa yake kira gatsal har yarinyar nan. Ni bakina ya ƙi. Na yi ta ce masa Kyaftin, yace in daina ba sojan ruwa muke ba, rannan ban sani ba na ce masa Baba, ya tambayi ma'anarsa na faɗa masa, ya ce wannan ya yarda. Yanzu duk jirgin Baba suke ce masa, har matarsa in ta zo ɗaukarsa.

Bayan kamar wata biyu aka ɗaga ni daga buhu zuwa winci. Winci wani ƙarfe ne kamar turmi a kife, ka naɗa igiya a jikinsa, kullum ta yadda hannun agogo ke tafiya, sannan ka soka mariƙi a samansa ka yi ta juyawa. Nan na ce to yau ga ranata, ni da na tashi ina jan guga. Ashe ba ƙarfi ake nema ba. In aka juya jirgi akwai ɗan lokaci, bai fi ƙiftawa uku ba, da jib ɗin ke kaɗawa babu iska a cikinsa, a lokacin ko yaro zai janye igiyar da hannu, in ka bari ya wuce iska ta cika shi to sai ka yi ta niƙa kana haki jirgi na tafiyar hawainiya Baba na kallonka. Matar nan da ta ba ni shawarar kallon nesa ta kai shekara hamsin, siririya, amma kafin in naɗa zagaye na biyu ita ta gama ta zauna. Na kuma taɓa barin igiya ta hau kan 'yar uwarta a jikin winci ta cije, ba gaba ba baya, sai da aka ɗauro wata igiyar aka ɗauke mata nauyi sannan ta kwance, jirage huɗu suka wuce mu muna wannan. Mariƙin winci ma na jefa ɗaya a ruwa, na bi shi da ido yana nutsewa, kuɗinsa ya kai cefanena na sati, Baba yace kowa a jirgin nan ya taɓa ba teku nasa.

Shi Solent ɗin kansa makaranta ne. Ruwan yana cikowa yana janyewa sau biyu a yini, kuma in yana tafiya kogi ne sosai, akwai ranar da iska ta mutu muna kallon alamar da za mu zagaya tana matsawa nesa, wato baya muke yi. A tsakiyarsa akwai tudun yashi da ake kira Bramble, in ruwa ya janye sosai har fitowa yake, sau ɗaya a shekara wasu kulob biyu kan je su buga wasan kurket a kansa kafin ruwa ya dawo ya kore su, turawa dai da neman magana. Ga kuma manyan jiragen kwantena masu shiga tashar Southampton, waɗannan ba ruwansu da sitabod ɗinka, doka ma ta hana ka shiga mita 1000 a gabansu a wannan yankin, kai ne za ka san inda dare ya yi maka.

To sai babbar rana, tseren zagaya tsibirin Wight. Tun 1931 ake yinsa, da jirage 25 aka fara, daga baya har sama da dubu sun sha fita a rana ɗaya, mil hamsin na ruwa, a tashi daga garin Cowes da ke arewacin tsibirin a yi yamma a zagayo a dawo Cowes. Shi wannan tsibirin dai shi aka zagaya a 1851 lokacin da jirgin Amurkawa mai suna America ya cinye na Ingila, daga nan kofin America, babban kofin tseren irin waɗannan jiragen, ya samo suna, kuma har yau Ingila ba ta taɓa ɗaukarsa ba, kar dai ka tuna wa Baba. Lokacin bazararsu ne, asuba tun wajen ƙarfe uku take yi, na yi sallah na kama hanya gari bai gama wayewa ba. Abinda na gani a bakin Cowes ba zan iya kwatanta shi ba, duk inda ka duba ƙyalle ne fari har ƙarshen gani, ana sakin jirage rukuni rukuni ana buga igwa.

Zuwa Needles lafiya lau, wasu fararen duwatsu ne tsaye cikin ruwa a ƙarshen yammacin tsibirin da hasumiyar fitila mai ja da fari a bakinsu. A nan kowa ke son ya yanke kwana ya matse kusa, amma akwai gawar wani jirgin Girka, Varvassi, da ya nutse a 1947, tukwanen injinsa na nan ƙarƙashin ruwa kaɗan suna jiran mai ganganci. Baba ya ba su hanya sosai, yace ya tsufa da wannan.

Muna juyawa bayan tsibirin iska ta koma bayanmu, aka ce a ɗaga sifinika. Shine ƙyalle na ukun, shara-shara kamar lema, mai launi, girmansa ya fi sauran biyun a haɗe, in ya cika ya yi tumbi a gaban jirgi sai ka ji an fizge ku. Ranar mai kula da igiyoyin bakin ƙofa hannu biyu ba su ishe shi ba, sai aka ce in matso in taya shi. Mun kusa St Catherine, can ƙarshen kudu inda ruwa ke haukacewa, wata iska ta zo da igiyar ruwa a tare ta ɗaga mana gindi, jirgin ya ƙi jin sitiyari ya juya da kansa ya kwanta, kwanciya ta gaske ba irin ta kullum ba, bum na jan ruwa, ni ina rataye da hannu ɗaya ina kallon teku a inda ya kamata in ga bene. Baba na ihu kika! kika! a saki kika! Na san me ake nufi, wallahi na sani, in an sake ta babban ƙyallen zai zubar da iska jirgi ya tashi. Na miƙa hannu na ɓalle marfin da ya fi kusa da ni.

Haliyad ɗin sifinika ce.

Ƙyallen nan gaba ɗaya ya sulmiyo ya faɗa ruwa ya buɗe a gefenmu kamar tarun masunta, ya cika da ruwa, jirgi ya tsaya cak. Mu biyar muka kwanta a baki muna jansa taku taku, yarinyar nan na gaba tana ba da umarni, ruwa na shiga ta wuyan rigata yana fita ta ƙafa, ya ɗauke mu kusan minti ashirin kuma ya fito a yage. Babu wanda ya ce min komai, wannan shirun ya fi tsawar ciwo, da ma ta zage ni. Sauran tafiyar da jib muka yi ta, muka wuce Bembridge, muka wuce tsofaffin ganuwoyin nan masu kama da tukunya da aka gina a tsakiyar ruwa, muka ga wasu sun kafe a yashin Ryde suna jiran ruwa ya dawo, na ɗan ji sanyi a raina Allah ya yafe min. Awa tara da wani abu muka yi. Matsayin da muka zo ba sai na faɗa ba.

Da yamma su suka tafi mashaya kamar kullum, nakan bi su in sha lemo na amma ranar na ce ina da uzuri, na koma jirgin ni kaɗai na zauna a bakin ƙofar ina kallon marafan nan. Can sai ga Baba ya dawo ɗaukar jakarsa, ya gan ni, bai yi maganar ƙyalle ba sam, ya shiga ciki ya fito da farin salatif da alƙalamin da ruwa baya gogewa ya ajiye min a cinya, yace rubutun nan ya mutu tun bara ni ne na ƙi sabuntawa, rubuta su da duk yaren da hannunka zai fi saurin ji, sati mai zuwa kai ne a nan. Nace Baba ni da na jefa muku ƙyalle a ruwa? Yace ai shi yasa, kai kaɗai ne a jirgin nan na tabbata ba za ka sake ɓalle wannan marfin ba.

Na rubuta turancin a sama don sauran, a ƙasa kuma na sa nawa. Babba. Na gaba. Mai danne bum. A kan na sifinika na rubuta KAR KA TAƁA da manyan baƙaƙe. Yarinyar nan ta tambaye ni yadda ake karanta shi, yanzu duk sanda za a sauke ƙyallen sai ka ji ta daga gaban jirgi tana kwarma "karka taba, yanzu!" ni kuma in ɓalle.